Malamin Kari a Gaban Tulu

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san cewa ni ina da murya. Ba ni na faɗa ba, jama'a ne suka faɗa. Gaskiya ne in aka bi diddigi jama'ar ba su wuce mahaifiyata ba, Allah ya jiƙanta, sai wani ɗalibi da yake neman maki biyar ya tsallake aji. Amma ai shaidu biyu ko a gaban alƙali sun isa.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a Zariya, kuma duk cikin manhaja babu darasin da nake ƙauna irin karin sauti. Ranar da zan koyar da shi har guga nake sa a yi wa rigata. In tsaya gaban allo in ce, yara, Hausa ba a kwance take ba. Kowace gaɓa da matakinta, wata sama, wata ƙasa, wata ta ɗauko daga sama ta faɗo, ita ce faɗau. In nuna musu yadda Bahaushe yake ɗauko magana daga can ƙololuwa yana gangarowa da ita, duk karin sama da ya biyo bayan na ƙasa sai ya ɗan rusuna bai kai na gabansa ba, har numfashi ya ƙare. In kuwa tambaya ce sai ya ɗage mata wutsiya a ƙarshe. In ce musu abin da ya sa kalangu yake magana ke nan: makaɗi ya matse igiyoyin a hammata fata ta ɗaure sauti ya hau, ya saki ya sauka, sai mahauci ya ji kirarinsa daga bayan kasuwa ba wanda ya buɗe baki. In kawo musu Bargery da ƙamusunsa na 1934, Baturen da ya zauna ya bi kalmominmu yana sa musu alamar hawa da sauka. In kawo Shata, in kawo Ɗanmaraya da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, in kawo Barmani Coge da ƙoren amada. Daidai nan ne nakan ɗan rera musu misali. Yaran sukan sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Na daɗe da sanin cewa haka waƙa mai ratsa jiki take yi wa yaro.

Da wannan kayan a kaina na tafi Fadan Kaje.

Abokina ne zai yi aure, abokin ɗaki ɗaya da tukunya ɗaya tun muna ɗalibai. Mutumin Bajju ne, mutanen da kakanninmu suka saba kira Kaje, su kuwa ba haka suke kiran kansu ba. Harshensu Jju, kuma tun 1995 suke da masarautarsu da Agwam Bajju a Zonkwa. Ya daɗe yana tuzuranci har mun cire rai, saboda haka da katin ya zo ban ko duba ranar ba na ce zan je. Disamba ce, watan da duk ɗan kudancin Kaduna da ke Legas ko Abuja yake tattara komatsansa ya dawo gida, kuma tun kafin cutar da ta ruɓar da citta a gonaki a 2023 ne, akwai kuɗi a hannun mutane. Daga Kaduna muka bi ta Kujama, muka ratsa Kachia, ko'ina an fere citta an shanya a kan duwatsu da gefen kwalta, ƙamshinta na shigowa ta taga yana cizon hanci. Na riƙe wannan a raina. Citta ai maganin murya ce.

A tashar Zonkwa abin ya fara kama ni. Hausa ake yi, babu kalmar da ban sani ba, amma an ɗora ta a kan wani kiɗan daban. Inda mu muke gangarowa mu kwantar da magana, su sai su sake ɗauko ta su cilla sama. Mata biyu ne, kowacce da kwano a ka, titi a tsakaninsu, suna gaisawa ba wadda ta tsaya. Wannan ta jefa ina gajiya, waccan ta cafe tun bai sauka ba ta mayar da yaya yara, wannan ta tare da mun gode Allah, dariya na ɗinke tsakani, har suka yi nisa muryoyin na ta lilo a iska. Ba zan ɓoye maka ba, jan birona na malanta ya motsa a aljihu, don na ji an ce wa mace ya zo, an ce wa mota ya lalace. Amma kunne ya fi ƙarfin biro. Na tsaya da jaka a hannu ina murmushi ni kaɗai har ɗan acaɓa ya ce, Alhaji, lafiya?

Hausa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Fatake sun kawo ta Zangon Katab da Jama'a tun da daɗewa. A 1927 layin dogo ya mai da Kafanchan mahaɗa, na Fatakwal da na Kaduna da na Jos duk nan suke gamuwa, ma'aikata da 'yan tireda daga ko'ina suka cika garin. 'Yan mishan suka yi wa'azi da Hausa, Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, aka yi ta rera waƙoƙin sujada da ita Lahadi bayan Lahadi. Bajju da Atyap da mutanen Kagoro da Ham da Fantswam da Kaninkon, kowa da harshensa na gado, su ma harsuna ne masu hawa da sauka, wasunsu ma matakansu sun fi namu yawa. In suka haɗu a kasuwa Hausa suke yi, amma kowa da karin da ya sha a nono yake zuwa. Duk wannan na san shi, har na taɓa sa shi a jarrabawa. Sai na ce a raina, mutumin da ya san asalin abu ai ya fi mai abin sanin abin.

Gidan su ango cike yake da dangi. Na lura in tsofaffi suka gaisa da Jju akwai wani kari da suke bi, sama, ƙasa, sama, sannan a ja. Kalmomin ba su shiga kaina ba, amma ni da nake koyar da cewa kalangu yana magana ba tare da baƙi ko wasali ba, me zan yi da kalmomi? Na haddace karin. Da aka kai ni gaban kawun ango, dattijo mai furfura a kan kujerar katako, sai na durƙusa, na rufe baki, na fitar masa da gaisuwar ta hanci, sama, ƙasa, sama, na ja. Tsohon ya dube ni. Na maimaita, na ƙara ja. Ya juya wajen abokina ya ce da Hausa tsantsa, a hankali, don kada in ji kunya: “Baƙon naka haƙori ne ke damunsa? Akwai kanumfari a ɗaki.”

Na karɓi kanumfarin. Ba a mai da kyautar babba.

Da yamma matan zumunta na cocin su amarya suka zo tsakar gidan gwajin waƙoƙin gobe. Wanda bai taɓa ganinsu ba bai san abin da ake kira amshi ba. Mata ne manoma da 'yan kasuwa da malaman firamare, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya. Kayan kiɗansu ba wani abin a zo a gani ba ne: tulu babba da ake bugun bakinsa da guntun soso, yana fitar da wata murya mai kauri da a ciki ake jin ta ba a kunne ba, 'yar ganga, caki, da wani ƙarfe da ake ƙwanƙwasa da ƙusa. Shugabarsu, wata dattijuwa gajera da kowa ke kira Mama, ita ke ba da waƙa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba ta jiran amshi ya ƙare. Suna cikin saukowa sai ta shigo ta samansu, su kuma tun ba ta sauke ba sun ɗauka ta ƙasa, waƙar ba ta taɓa taɓa ƙasa, kullum tana hannun wani. Tafi na tafiya uku-uku, tulu na tafiya biyu-biyu, ƙafafu na jan ƙasa a tsakaninsu, kafaɗu na yin nasu daban. Kuma duk suna yi suna dariya, wata na gyara goyo, wata na korar kaza.

Na ciro ɗan littafina na fara ƙirga. Na rubuta uku a kan biyu, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Da na tabbatar na kama sirrin sai na sa littafin a aljihu na shiga tafi. Duk inda na tafa, nan ne ba kowa. In sun tafa hannuna a buɗe, in sun buɗe sai a ji tas ɗina shi kaɗai a tsakar gida. Wata yarinya da ba ta wuce shekara shida ba ta zo ta kama hannuwana biyu tana haɗa mini su. Muna tare komai daidai. Tana saki na koma gidan jiya. Na ce mata ta je ta yi wasa, abin da nake yi sunansa saɓa-kiɗa, manyan makaɗa ne kaɗai suka iya.

Da suka tsaya shan ruwa na matsa kusa da Mama na gabatar da kaina. Na ce mata ni malamin kari ne, shekara da shekaru ina koyar da hawa da saukar murya, kuma na lura waƙarsu tana da kyau ƙwarai, sai dai akwai wuraren da kari ya saɓa wa kalma. Ta goge fuska da bakin zane, ta dube ni daga hula har takalmi, ta ce, “Madalla, ɗana. Allah ya kawo mana malami. To gobe a wajen liyafa kai za ka ba mu waƙa, mu kuma mu amsa.” Matan suka yi guɗa, wata har da riƙe ciki. Abokina ya ja ni gefe ya ce, kai, wasa take yi maka. Na ce masa hassada ba ta dace da ango ba.

Daren nan ban runtsa ba. Na kunna fitilar waya na zauna gina waƙa irin ta masu ilimi, da awon da marubutanmu suka gada daga Larabawa tun zamanin Shehu Usmanu da Nana Asma'u. Na zaɓi Mutaƙarab, gaɓa marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu, haka har ƙarshen layi, ina ƙirgawa da yatsu. Baiti 24 na yi, ƙwar biyar-biyar, da amsa-amo na ciki da na waje. Na yabi ango, na yabi amarya, na yabi Baranzan kakan Bajju, na yabi ruwan Matsirga da dutsen Kagoro, na sako zumunci tsakanin Zazzau da kudu, na kuma keɓe baiti biyu ga wani malami daga Zariya da bai so a ambaci sunansa ba, sai dai na ambata. Ko sau ɗaya tulu bai faɗo mini a rai ba. Na sani sarai rubutacciyar waƙa da nauyin gaɓa ake auna ta, ta baka kuwa da bugun kiɗa, kuma mawaƙin baka yana ja ko ya matse kalma yadda ganga ta so. Amma a ganina in ilimi da tulu suka haɗu, tulu ne ya kamata ya gyara zama.

Wajen asuba na zaga bayan gida, kusa da tarin citta, na gwada murya. Ban kai baiti na biyu ba karnukan unguwa suka ɗauka. Sai ga kawun ango da tocila da sanda, ya ce ya ɗauka akuya ce ta maƙale a shinge. Da ya ga ni ne sai ya ce, “Har yanzu haƙorin?”

Na gane matsalar. Hunturu ne ya busar mini da maƙogwaro. Ga kuwa magani jibge a gabana, cittar da ake ɗauka a tirela a kai Legas a loda a jirgin ruwa saboda zafinta. Na ɗebi cikin hannu biyu na ba wata ƙanwar ango na ce ta daka ta tafasa mini. Ta ce, “Malam, duka? Wannan ai na kunun gida guda ne.” Na ce ta ƙara kanumfarin jiya da ɗan barkono, ta zuba mini a gora.

An ɗaura aure a coci da safe, aka dawo filin makarantar firamare inda aka kafa rumfuna. Na fito cikin babbar riga ta shadda ruwan bula, an sha sitati har tana ƙara in na motsa, hula zanna a karkace, takarda a hannun dama, gora a hagu. An ci an sha, shinkafa da tuwon acca da pate, ni ban taɓa komai ba don kada abinci ya danne murya. Gorata kawai nake kurɓa. Kowace kurɓa sai na ji ta har tafin ƙafa, idona na hawaye, na kusa da ni na ta ce mini sannu, sun ɗauka rabuwa da aboki ce ta taɓa ni. Mai gabatarwa ya kira iyaye, ya kira abokan aiki, ya kira matan zumunta suka shigo fili a jere suna jan ƙafa, ƙura na tashi, jama'a suka miƙe. Sai na ga Mama ta raɗa masa wani abu. Ya ɗaga makirufo ya ce yau an yi sa'a, akwai babban farfesan waƙa daga Zariya. Ban gyara masa ba. Gyaran mutum a bainar jama'a ba tarbiyya ba ce. Na ɗaga gorar na shanye sauran, har da dusar ƙasa, na taka zuwa tsakiyar fili ina naɗe hannun riga.

Tulu ya fara. Caki ya shiga, ƙarfe ya shiga, tafi ya kama. Mama ta ɗaga mini gira, wato bismilla. Na tsaya jiran ƙofa. To ita waƙar nan ba ta da ƙofa, zagayawa take yi, ni kuwa na zama kamar mai son shiga motar haya tana tafiya: in ɗaga ƙafa ta wuce, in sauke ta sake zuwa. Zagaye ya wuce, wani ya wuce. Na ɗaga hannu na ce a ɗan dakata in fara tukuna, kiɗa ya biyo ni. Mai tulu ta dubi Mama, Mama ta dubi sama. Suka tsaya. Fili ya yi tsit, sai kukan janareta. Na gyara tsayuwa na ɗauko layin farko daga can sama, yadda nake koya wa yara, sai dai na ɗauko shi daga saman da ban taɓa zuwa ba. Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, amma nawa jifan bai ko kai rabin layi ba lasifika ta yi wata ƙara da ta sa jarirai kuka. Na sauko na sake ɗauka. Layi na ɗaya ya fita, na biyu ya fita da ɗingishi. Matan, Allah ya saka musu, suna ta neman inda za su kama su amsa, bakinsu a buɗe, amma ina, Mutaƙarab bai bar musu ko tsaga ba. Na shiga layi na uku, daidai inda na kira amarya tauraruwa, na cika ƙirji da iska don in ja wasalin ƙarshe, sai cikina, da babu komai a cikinsa sai citta da barkono tun asuba, ya ba da nasa ra'ayin.

Hik.

Ba ƙaramar shaƙuwa ba, irin wadda take ɗaga kafaɗa ta girgiza hula. Kuma a bakin makirufo, ta manyan lasifiku huɗu, har ta dawo daga bangon ajujuwa. Na yi kamar ban ji ba na koma kan tauraruwa. Hik. Na riƙe numfashi, na haɗiye yawu, na buɗe baki. Hik. Wani yaro ya fara dariya uwarsa ta make shi, ita ma ta fashe. Na dubi inda ango yake, ya kifa kai a kan tebur, amarya na bubbuga masa baya, mayafinta na karkarwa.

Abin da ya biyo baya shi ne har gobe nake jin haushinsa a matsayina na masani. Mai tulu, wata mata mai faɗin kafaɗa da tun jiya ba ta ce mini uffan ba, ta karkata kai tana saurare. Hik. Ta ƙirga da ƙafa. Hik. Sai ta ɗaga sosonta, shaƙuwa ta gaba na fitowa ta sauke shi a bakin tulu, dum, daidai wa daida. Ta gaba ma haka. Ashe duk jikina, da digirina da littafina da baiti 24, shaƙuwar nan ce kaɗai take tafiya a kan lokaci. Caki ya shiga tsakani. Ƙarfe ya kama. Mama ta tafa sau biyu ta ɗauko wata waƙa da Jju, ta bar gurbi a ƙarshen kowane layi, gurbin kuwa nawa ne: ta ba da waƙa, in yi hik, mata su amsa. Ta ba da waƙa, in yi hik, mata su amsa. Na nemi in sauke makirufo, mai gabatarwa ya riƙe mini hannu ya ƙara matso da shi bakina. Fili ya rikice. Tsofaffi suka bar kujeru, 'yan mata suka yi da'ira, guɗa ta ko'ina, kawun ango ya shigo yana juya sandarsa a sama. Ni kuwa ina tsakiya a sandare cikin shadda, takarda na rawa a hannu, hawayen citta na zuba, duk bayan bugu huɗu kafaɗuna su yi tsalle, ɗaruruwan mutane su amsa mini.

A nan ne na yanke shawarar in karɓi abin da hannu biyu. Na lumshe ido na ɗan fara rausaya, ina tunanin ai ko Shata da amshi ya yi suna. Sai na ji an manna mini wani abu a goshi, da ɗan danshi. Na ce alhamdu lillahi, liƙi ya fara. Na ƙara miƙa goshin gaba don masu zuwa su sami wuri. Da na buɗe ido sai na ga wata tsohuwa tukuf a gabana, tana gyara bakin zanenta inda ta tsinko zare. Ta tauna shi ta liƙa mini, yadda ake yi wa jariri in shaƙuwa ta kama shi. Ta dafa mini kai ta ce, “Yi haƙuri, yaro, yanzu zai wuce.”

Bai wuce ba. Sai da aka yi waƙa uku da ni.

Liƙin gaske ya zo daga baya, ba laifi: naira 50 daga kawun ango, ya ce in sayi ruwa. Mama ta riƙe hannuna ta ce tun da take ba da waƙa ba ta taɓa samun ɗan amshi mai riƙe lokaci irina ba, in na sami hutu in riƙa zuwa. Na ce mata waƙar tawa fa saura baiti 23 da rabi. Ta ce in adana, ƙanwar amarya na nan tafe.

Na so in gudu washegari, abokina ya hana, ya ce ba a zuwa ƙasarsu a ƙarshen Disamba a tafi ba a ga bikin Afan ba. Ranar 1 ga Janairu muka tafi Kagoro, garin da Gwamna Awan ya yi sarauta daga 1945 har 2008, dutsen na tsaye a kan garin, fili ba masaka tsinke. Maharba da masu rawa ƙungiya-ƙungiya, ga masu ƙaho, kowa da ɗan sautinsa, wannan ya busa wancan ya karɓa, in ka ware mutum ɗaya ba abin da yake yi sai tu, tu, amma in suka haɗu sai ka ji waƙa tana hawa tana sauka. Ƙasar da jaridu ba sa tunawa da ita sai an yi rikici, ga ta nan tana rawa tun safe har rana ta faɗi. Ilimi ya motsa mini. Na juya ga wani saurayi da ke gefena na fara yi masa bayanin yadda ake raba kari ɗaya tsakanin bakuna da yawa, da yadda masana suke kallon abin. Yana ta gyaɗa kai cikin ladabi, yana kallona, yana kallon wayarsa. Can sai fuskarsa ta washe, ya taɓo abokansa ya ce, “Kai, ku zo, shi ne! Baba, don Allah yi mana sau ɗaya.”

Matsayina a kan lamarin bai canza ba. Waƙata ba ta da aibu, awonta cikakke ne, duk mai shakka ya zo da alƙalami mu yanka ta gaɓa-gaɓa. Laifin na citta ne, kuma ina ba duk mawaƙin da zai je kudancin Kaduna shawara ya tafi da tasa daga gida, ta can ba ta wasa ba ce. Har yanzu ina koyar da karin sauti, har yanzu ina rera misali, sai dai na lura a 'yan kwanakin nan in na ja numfashi zan fara, akwai wani yaro a kujerar baya da yake ɗaga littafi ya riƙe a saman tebur yana jira.

Saboda haka, mai karatu, ga roƙona. Bidiyon minti huɗu ne da 'yan daƙiƙu, mai babbar riga ruwan bula da zare a goshi. Na ji ya kai Jos, ya kai Abuja, wani ma ya ɗora masa kiɗan zamani. In ya iso wayarka ka kalla, ba zan hana ka ba, ka ma ƙara sauti daidai inda mai tulu take shigowa don ka ji aikin gwanaye. Amma don girman Allah, in kana da ɗa ko ƙane a wata sakandare a Zariya, kada ka tura masa.